Yadda ake haɗa roka da gorar lemu, ruwa da famfon keke, ba wuta ba albarushi

 Tun da wayoyin hannu suka cika gari, da wuya ka samu yaron da bai taɓa kallon bidiyon harba roka ba: hayaƙi ya turnuƙe, ƙasa ta girgiza, ƙaton ƙarfe ya miƙe sama har ido ya daina ganinsa. Wanda kuwa ya san yaranmu ya san abin da ke biyo baya. Yaron da ya ƙera mota da gwangwanin madara, ya yi jirgin sama da karan dawa, ba zai ga roka ya ƙyale ta ba. Abin tsoron shi ne hanyar da ta fi saurin zuwa musu a rai ita ce ta wuta, wato a tara kan ashana ko a nemo albarushi a ɗura cikin wani bututu a kunna. Wannan ba roka ba ce, bam ne ƙarami, kuma yatsu da idanu yake ci.

Akwai wata hanya. Da gorar lemu ta roba, ruwa rabin lita da famfon keke, ana iya haɗa roka ta gaske, wadda ke tashi bisa ƙa'ida ɗaya da manyan rokokin da ke kai tauraron ɗan Adam sararin samaniya. In an gyara ta da kyau tana wuce tsawon kuka da giginya nesa ba kusa ba, mita 30 zuwa 40 ba abin mamaki ba ne. In ka cire famfo, wanda aro ake yi, da wuya ka kashe jika guda.

Wannan matsala ta yara da wuta ba a kanmu aka fara ta ba. Lokacin da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik ranar 4 ga Oktoba 1957, zazzaɓin roka ya kama samarin Amurka. Kowa ya shige ɗakin ajiya yana cakuɗa sinadarai, aka yi ta samun raunuka, har da asarar rayuka. Wasu mutum biyu, Orville Carlisle, mai sayar da takalma a jihar Nebraska wanda ya san aikin wasan wuta, da injiniya G. Harry Stine, su suka fito da mafita: a bar masana'anta ta ƙera ƙaramin injin da aka gwada, yaro kuma aikinsa haɗa jikin rokar da kwali da itace mara nauyi. A 1957 ɗin aka kafa ƙungiyar masu wannan wasa ta ƙasar, wadda har yau tana nan. To mu a nan babu shagon da za ka shiga a Maradi ko Damagaram ka sayi irin wannan inji, kuma a halin tsaron da ake ciki ba mai hankalin da zai so a gan shi da kayan fashewa. Shi ya sa rokar ruwa ta fi dacewa da mu.

Me ke tura roka sama?

Mutane da yawa sun ɗauka roka tana tokarar ƙasa ne, ko tana tokarar iskar da ke bayanta. Ba haka ba ne. Kuskure ne tsoho, har babbar jaridar nan New York Times ta taɓa yin sa a 1920, inda ta yi wa masanin roka Robert Goddard ba'a cewa roka ba za ta yi aiki ba a inda babu iska. Sai a watan Yulin 1969, ƴan sama jannatin Apollo 11 suna kan hanyarsu ta zuwa wata, jaridar ta buga gyara.

Ƙa'idar ita ce wadda Isaac Newton ya rubuta tun 1687: in ka tura abu, shi ma yana tura ka da ƙarfi daidai da naka, ta fuskar da ta saba. Duk wanda ya taɓa yin tsalle daga kwale-kwale zuwa gaɓa a kogin Isa ya san ta, ko bai san sunanta ba: kai ka yi gaba, kwale-kwale ya ja baya. Maharbi ma ya san ta a kafaɗarsa duk lokacin da bindiga ta tashi. Roka tana jefar da wani abu ta baya da gudu, abin nan da ta jefar shi ke tura ta gaba. Manyan rokoki iskar gas mai zafi suke jefarwa. Tamu ruwa take jefarwa, iskar da aka matse cikin gorar ita ke korar ruwan.

Ga ɗan lissafi, don a ga abin ba wasa ba ne. Faɗin bakin gorar lemu daga ciki kusan milimita 22 ne. In matsin iskar ciki ya kai bar 3, wato ya ɗan zarce na tayar ƙaramar mota, ruwan yana fita da gudun kusan kilomita 90 a awa. Ƙarfin da ke tura gorar a wannan lokaci ya kai nauyin bidon ruwa mai lita 20 cike, alhali rokar da ruwanta duka ba su kai kilo guda ba. Ruwan yana ƙarewa kafin ka ƙifta ido, wajen kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Duk sauran tafiyar da kake gani, gorar wofi ce ke tafiya da saurin da ta samu a wannan ɗan lokaci, kamar dutsen da ya bar majajjawa.

Kayan aiki

Abu na farko gora, kuma nan ne ake fara kuskure. Gorar lemu mai gas ake nema, mai lita ɗaya da rabi, irin mai tauri wadda gindinta ke da ƙafafu biyar. An ƙera ta ne don ta riƙe matsi. Gorar ruwan sha mai laushi, wadda kake matsawa da hannu ta yi ƙara, ba ta dace ba. Kwalbar gilashi kuwa kar a ko yi tunaninta. A samu gora biyu iri ɗaya: ɗaya ita ce tanki, ba a yanka ta, ba a huda ta, ba a ko karce ta, ta biyun ita za a yanka a yi hanci.

A duba gorar tanki da kyau a hasken rana. In akwai karce mai zurfi, ko wurin da ya yi fari-fari don an lanƙwasa ta, ko ta lotsa, a bar wa masu zoɓo da kunu. Wadda aka zuba wa man fetur a bakin titi a nisance ta. Wadda ta daɗe a rana ko aka taɓa zuba wa ruwan zafi ma haka, domin irin wannan roba tana fara laushi tun wajen digiri 70, kuma zafin rana na cinye ƙarfinta a hankali ba tare da ka gani ba.

Sauran kaya: kwali mai kauri ko robar tsohon bokiti don fikafikai, salatif mai faɗi, ɗan soso na tsohuwar katifa, yumɓu ko yashi kaɗan a leda, tiyo siriri mai tsawon mita 4 zuwa 5, kan bawul na tsohuwar robar cikin taya (mai faci zai ba ka, wani lokaci ma kyauta), da abin toshe bakin gora. Abin toshewar ana iya yanko shi daga roba mai kauri, kamar ƙasan tsohon silifa da aka haɗa biyu, a sassaƙa shi ya yi tsini kaɗan yadda zai shiga bakin gorar da ƙyar. Sai famfon keke. In ana samun mai agogon auna matsi, ya fi.

Haɗawa

Rokar tana tashi ne a kife, bakin gora a ƙasa, gindinta a sama. A yanke kashi ɗaya cikin uku na saman gora ta biyu, wajen da ya tsuke zuwa baki, a kifa shi a kan gindin tanki. Wannan shi ne hanci. Kafin a liƙe shi, a sa ɗan nauyi a cikinsa, yumɓu ko yashi a leda kamar gram 30 zuwa 50, a danne shi da soso yadda ba zai yi yawo ba. A can ƙololuwa a ɗaura soso a naɗe da salatif. Ban da dutse, ban da ƙusa, ban da ƙarfe kowane iri. Abin da ya hau sama zai sauko, kuma da kai yake saukowa.

Fikafikai uku ko huɗu ake yankawa, girmansu ɗaya, kowanne kamar tafin hannun babba. A liƙa su a ƙasa, kusa da wuyan gorar tanki, tazara ɗaya tsakaninsu, a miƙe sambal da jikin gorar. Da salatif ake liƙawa. Kar a yi amfani da gam mai zafi ko a narka roba da wuta a jikin tanki, wurin zai yi rauni, nan ne kuma zai fashe.

Me ya sa nauyi a gaba, fikafikai a baya? Ku dubi kibiyar maharba: ƙarfe a kai, kyauro mara nauyi a baya, shi ya sa take tafiya da kai ba ta juyawa. Kowane abu mai tashi yana da wurin da nauyinsa ya daidaita, inda in ka ɗora shi a yatsa zai tsaya. Yana kuma da wurin da iska ta fi tura shi in ta buge shi daga gefe. Dole wurin nauyin ya kasance gaba da wurin turin iska. In haka ne, duk lokacin da rokar ta karkace, iska na bugun fikafikan ta maido da hancin kan hanya. In akasin haka ne, rokar za ta tashi mita biyar ta fara wulwulawa kamar kazar da aka jefa, ta faɗo inda ba a zata ba.

Akwai gwaji mai sauƙi da ya kamata a yi kafin a zuba ko ɗigon ruwa. A nemo wurin da rokar ke daidaita a kan yatsa, a ɗaura igiya mai tsawon mita biyu a daidai wurin, a riƙe da salatif, a shiga fili a riƙa juya ta sama da kai. In hancin ya juya da kansa ya fuskanci inda ake tafiya, ta yi. In tana tafiya a gicciye ko da baya, a ƙara nauyi kaɗan a hanci ko a ƙara girman fikafikai, a sake gwadawa. Mutane na tsallake wannan mataki don ɗoki, kuma yawancin rokokin da ke ba da kunya a gaban jama'a daga nan suke samun matsala. Amma kar a wuce gona da iri wajen nauyi. Roka wofi mai kyau tana tsakanin gram 100 da 200. In ta fi haka ƙarfin ya tafi wajen ɗaukar kaya.

Sai abin harbawa. A huda tsakiyar abin toshewa, a cusa kan tiyo ya ratsa shi da ƙyar yadda iska ba za ta zurare ba. A ɗaya ƙarshen tiyon a sa bawul, a ɗaure da waya ko zaren roba tamau. Ga dalilin sa bawul a wajen mai famfo ba a bakin gora ba: na farko yana hana ruwa komawa cikin famfo, na biyu kuma, wanda ya fi muhimmanci, in aka hura aka hura rokar ta ƙi tashi, daga inda kake zaune za ka danna tsinken bawul ka sauke iskar, ba sai ka je kusa ba. Don tsayar da rokar, a kafa sanduna uku ko huɗu a ƙasa su kewaye ta ba tare da sun matse ta ba, fikafikai su ratsa tsakaninsu. A ɗaure tiyon da wani turke ƙarami kusa da abin toshewa don kar ya bi rokar sama.

Ruwa nawa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi daɗi a wurin malami, domin amsar ba ta inda yara suke zato. In ka tambayi aji, rabi za su ce a cika gora, tunda ruwa ne mai. Mu ma ranar da muka fara gwadawa a bayan gari haka muka yi, muka zuba kusan kashi uku cikin huɗu. Rokar ta ɗaga kamar tsawon mutum biyu tana fitsarin ruwa, ta kwanta, ta jiƙe mai famfo sharkaf, yara suka yi ta dariya.

Dalili shi ne ƙarfin ba a cikin ruwan yake ba, yana cikin iskar da aka matse. In ruwa ya yi yawa, wurin iska ya ragu, matsin yana faɗuwa tun ruwan bai gama fita ba, ga kuma nauyin da rokar ke ɗauka. In kuma ba ruwa ko kaɗan, iska ce kawai za ta fita fuuu, ita kuwa iska ba ta da nauyi, ruwa ya fi ta nauyi kusan sau 800, don haka turin ba ya da yawa. Daidai ɗin yana wajen kashi ɗaya cikin uku na gorar, wato rabin lita a gora mai lita ɗaya da rabi. Ba sai ruwan sha ba, ruwan da aka ɗauraye kwanuka ya isa, in dai babu yashi ko tsakuwa a ciki.

Wannan ciniki tsakanin nauyin da za a jefar da nauyin da za a ɗauka shi ne ciwon kan duk masu ƙera roka. Wanda ya wallafa lissafinsa a 1903 malamin lakwal ne a garin Kaluga na Rasha, Konstantin Tsiolkovsky, mutumin da kunnensa ya kusa toshewa gaba ɗaya tun yana yaro, kuma yawancin iliminsa da kansa ya koya daga littattafai. Ya nuna cewa abu biyu ke yanke saurin roka: gudun abin da take fitarwa, da yawan kason nauyinta da take iya jefarwa. Shi ya sa manyan rokoki kusan kashi 9 cikin 10 na nauyinsu mai ne.

Ranar harbawa

Fili shi ne kan gaba. Ana son wuri buɗaɗɗe, aƙalla mita 50 ta kowane gefe babu gida, babu hanyar mota, babu wayar lantarki, babu garken dabbobi. Filin ƙwallo na makaranta ko gona bayan girbi sun yi. Manya ma fili suke nema: a hamadar Aljeriya maƙwabciyarmu, a wani wuri da ake kira Hammaguir, Faransa ta harba tauraronta na farko ranar 26 ga Nuwamba 1965, don can babu kowa.

A garuruwan da ke da filin jirgin sama, kamar Yamai, Damagaram, Maradi da Tawa, kar a kusanci filin jirgi, haka barikin soja, ofishin jandarma ko wani shingen bincike. Kuma don Allah a sanar. A gaya wa shugaban makaranta, a gaya wa mai unguwa ko mai gari, in akwai jami'an tsaro kusa a shaida musu. Abin toshewa in ya fita yana yin ƙara, gora in ta fashe ƙararta kamar harbin bindiga, kuma a wannan zamani abu ya tashi sama da ƙara ba tare da mutane sun san dalili ba, yana iya jawo firgici ko abin da ya fi firgici. Minti biyar na gaisuwa da bayani sun fi kwana guda na amsa tambayoyi.

Da sassafe ya fi, kafin iska ta taso, kafin rana ta gasa roba. Lokacin hunturu in iska na kaɗawa da ƙarfi a ɗage zuwa wata rana, don gora wofi ba ta da nauyi, iska na iya kai ta rufin wani. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, a ajiye gorunan a inuwa har sai an zo kansu.

Ga yadda ake yi. A zuba ruwa, a cusa abin toshewa da ƙarfin hannu, a kifa rokar tsakanin sanduna, hanci ya kalli sama sak ko ya ɗan karkata kaɗan zuwa inda babu mutane. Ƴan kallo su koma baya mita 15 ko fiye, a bayan mai famfo, kowa a tsaye yana kallo, ba mai zama ya ba da baya. Mai famfo ya ja tiyo iya tsawonsa, in akwai tabarau na masu walda marar duhu ko na masu babur ya sa. Babba ɗaya ne ke ba da umarni. Sai a fara hurawa a hankali. Za a ga kumfa na hawa cikin ruwan, gorar ta yi tauri, sannan ba sallama abin toshewa ya fice, ruwa ya watsu, roka ta tafi.

Wannan tsari na abin toshewa yana da aibi ɗaya da alheri ɗaya. Aibin shi ne ba ka san daidai lokacin da za ta tashi ba, don haka daga bugun famfo na farko ba mai matsowa, ba mai leƙa ta daga sama. Alherin shi ne yakan fice tun matsin bai kai inda gora za ta fashe ba, yawanci wajen bar 2 zuwa 3. Saboda haka kar wani mai wayo ya ce zai ɗaure shi da waya ko ya liƙe shi da gam don rokar ta ƙara nisa. In agogo ya nuna bar 4 ba ta tashi ba, ko babu agogo amma famfo ya yi tauri sosai, a tsaya, a danna bawul, a jira iskar ta fita duka, sannan a je a sassauta. Kuma kar a kai ta wurin mai faci a ce ya hura da injinsa. Injin nan yana ba da iska mai yawa cikin daƙiƙa kaɗan, kafin ka ce a tsaya gora ta tarwatse, kuma tsagin roba mai gudu yana yanka kamar reza.

In tana saukowa, ba a tarar ta da hannu. Yara na son rugawa su cafe, a hana su tun kafin a fara. A bar ta ta faɗi.

Mita nawa ta yi?

Nan ne wasa ke komawa darasi, nan ne kuma ake kashe gardama, don kowane yaro zai rantse tasa ta fi nisa. Hanya ta farko da agogon waya: a auna daƙiƙoƙi daga tashi zuwa faɗuwa, a ninka adadin da kansa, a sake ninkawa da 1.2. In ta yi daƙiƙa 5, biyar sau biyar 25, sau 1.2 ya ba da mita 30. In ta yi daƙiƙa 6, wajen mita 43. Kiyasi ne, domin iska na rage wa gora gudu musamman wajen saukowa, amma ya isa a kwatanta roka da roka.

Hanya ta biyu ta fi daidai, kuma ƴan kwalejin da suka fara koyon tanjant za su ga amfanin abin da suke haddacewa. A ɗauki ma'aunin kusurwa na cikin akwatin lissafi, a liƙa masa bututun biro a gefensa madaidaici, a rataya zare mai ɗan nauyi a tsakiyarsa. Yaro ya tsaya mita 30 daga wurin harbawa, ya bi rokar ta cikin bututun, in ta kai ƙololuwa ya danne zaren da yatsa a karanta yawan digirin da ya kauce daga inda yake lokacin da bututun ke kwance. In digiri 45 ne, tsawon daidai yake da nisan da ya tsaya, mita 30. In digiri 60 ne, a ninka 30 da 1.73, kusan mita 52. In digiri 30 ne, a ninka da 0.58, wajen mita 17. A ƙara tsawon yaron zuwa idonsa. In aka sa yara biyu a gefe daban-daban aka raba tsakani, ya fi kyau.

Da wannan a hannu, malami na iya raba aji ƙungiya-ƙungiya, a canza abu ɗaya kawai kowane karo, ruwa rubu'in lita, rabin lita, lita guda, ko fikafikai uku da huɗu, a rubuta sakamako a allo. Makarantunmu da yawa ba su da ɗakin gwaje-gwaje, yaro na iya kai wa BEPC bai taɓa auna komai da hannunsa ba a darasin fizik. Ga gwajin da ba ya buƙatar lantarki.

Wani yaro zai tambaya, kuma dole ya tambaya: Mushe, in muka ƙara iska za ta kai wata? A'a. Don abu ya zauna yana kewaya duniya kawai, sai ya yi gudun wajen kilomita 28,000 a awa. Amma a gaya masa cewa rokar Goddard ta farko mai amfani da mai na ruwa, wadda ya harba ranar 16 ga Maris 1926 a wata gona a jihar Massachusetts, mita 12 da rabi ta tashi, ta yi daƙiƙa biyu da rabi a sama ta faɗo. Gorarsa ta riga ta wuce wannan. A gaya masa kuma cewa a 2015 wata tawaga daga jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu ta harba rokar ruwa da iska da ta kai mita 830, wanda a lokacin ba wanda ya kai haka a duniya. Tasu ba gorar lemu ba ce, an ƙera jikinta da zaren kabon mai jure matsi mai yawa, aikin injiniyoyi ne da ba a kwaikwayonsa a tsakar gida.

Bayan kowane tashi a duba tanki. Saukowa da kai a ƙasa mai tauri na lotsa roba, kuma duk gorar da ta nuna farin layi ko tsagi ta gama aiki, a cire fikafikan a mayar kan sabuwa. Ko ba ta nuna komai ba, in ta yi tashi goma sha wani abu a canza ta, gora ba tsada gare ta ba. Kafin a bar fili a tsince guntayen roba, leda da salatif duka, a kirga su in ya yiwu, don awakin unguwa na nan tafe da zarar kun juya baya.